Ƙirga Ashirin a Zuci

Malam Bita ba sunan da iyayensa suka raɗa masa ba ne. Malaman jami'ar ne suka laƙaba masa, kuma ba don ƙauna ba. Shekara uku ke nan da aka ɗauke shi daga aji aka ba shi wani ɗan ofis a ƙarƙashin matakalar ɗakin karatu, aka ce aikinsa shi ne ya koya wa malamai sababbin dabarun koyarwa. Shi kuwa bawan Allah ya ɗauki abin da zafi. Duk wata sai ya kira bita. Malamai su zo, su sha shayi, su sa hannu a takardar halarta, su yi ta gyaɗa masa kai har wuya ya yi tsami. Washegari kowa ya koma aji ya buɗe tsohon littafinsa da gefen takardun ya yi baƙi ƙirin don shafa, ya ci gaba da shifta: waƙafi, aya, sabon layi.

Abin da yake ta nanata musu bai fi numfashi biyu ba.

"Ka yi tambaya, ka kame bakinka, ka ƙirga ashirin a zuci. In ka kai ashirin ba wanda ya tanka, ka koma ɗaya. Ban taɓa jin malamin da shiru ya kashe ba."

Sai a kwashe da dariya. Wani ya ce, "Malam, mu masu ɗalibi ɗari uku, in muka ce kowa ya yi magana ai rufin ɗakin ne zai yaye."

Mutum ɗaya tak ce ta ɗauki maganarsa ta kai aji, ita ma 'yar gida ce: Auta, ƙanwar matarsa. Tana koyar da 'yan shekara ta biyu a sashen injiniyan gine-gine, ɗalibi ɗari biyu da 'yan kai. In ka bi ta bakin tagar ajinta sai ka rantse faɗa ake. Takan jefa tambaya, ta jira, can sai gardama ta kaure, wannan layi ya juyo kan wancan, ita kuma tana zagayawa tana zuga su. Har 'yan wasu sassan kan laɓe a taga suna kallo.

Sai dai fa ba a tabbatar wa Auta da aiki ba tukuna. A jami'ar, sabon malami yakan yi shekara biyu ta gwaji, sannan kwamitin mutum uku ya zauna a ajinsa ya ba shi maki. In bai haye ba, a ba shi dama ta biyu. Babu ta uku. Damar Auta ta farko ta riga ta tafi tun zangon da ya wuce. Shugaban kwamitin, wani tsohon farfesa da ake kira Jan Biro, ya zauna cikin hayaniyar nan na awa ɗaya, ya fito ya rubuta layi ɗaya: malama ba ta iya riƙe aji ba. Malam Bita ya yi wata biyu yana zarya daga wannan ofis zuwa wancan, har aka yarda aka ƙara sabon layi a takardar maki, wato yadda malami ke sa ɗalibai magana, maki talatin cikin ɗari. A takarda dai ya yi nasara. Amma ranar Alhamis da ƙarfe goma, Jan Biro ne zai sake riƙe takardar.

Ranar Laraba da safe matarsa ta ritsa shi a kicin. Ma'aikaciyar jinya ce, ta riga ta sa fararen kaya, tana zuba wa yara abincin makaranta a kula. Ko juyowa ba ta yi ba.

"Shekara huɗu yarinyar nan tana yawo da fayil a hammata kafin ta samu aikin nan. Tana zaman-zamanta, tana karanta musu kamar kowa, ka je ka hure mata kunne."

"An gyara takardar maki fa," in ji shi.

"An gyara Jan Biron?"

Ya ci gaba da juya shayin da sukarinsa ya narke tun ɗazu.

"Mama ta kira ni sau biyu jiya. Me zan ce mata? In ce mijina ne ke gwada dabara a kan 'yarki?" Ta danne murfin kula da ƙarfi. "Awa ɗaya ce fa, Baban yara. Ka ce mata ta yi musu shifta ta awa ɗaya tak. In aka tabbatar da ita, ta mayar da ajin filin ƙwallo in ta ga dama, ba ruwana. Wallahi in aikin nan ya suɓuce mata, ban san da wane ido zan kalle ka ba."

Ya ce zai yi mata magana. Ya fita da maganar a ƙirji, ko rabin shayin bai sha ba.

Da rana Auta ta faɗo ofishinsa ba ƙwanƙwasawa, kamar yadda ta saba, riƙe da wani yankin soson katifa mai tsawon kamu ɗaya, an zana masa layuka a tsaye da baƙin alƙalami. Ta sunkuyar da kai don kada matakala ta buge ta.

"Mijin Yaya, har yanzu ba su fitar da kai daga ramin nan ba? Duk wanda zai hau ɗakin karatu sai ya taka maka kai."

"Ilimi ne ke bi ta kaina. Zauna. Wannan katifar waye kika yanko?"

"Darasin gobe ne. Tsaya in gwada a kanka." Ta ja kujera. "Ga baranda a bene, ta fito daga jikin bango, ba ginshiƙi a ƙarƙashinta. Za ka zuba kankare. Ina za ka sa rodi, kusa da sama ko kusa da ƙasa?"

"Ƙasa mana. Ai nauyi ƙasa yake yi."

"Shi ke nan, ka kashe mutane." Ta tuntsire da dariya. Ta danne ƙarshen soson ɗaya a bakin tebur, ta lanƙwasa ɗayan ƙasa. Layukan sama suka buɗe, na ƙasa suka matse. "Ka gani? Nan sama ne ke son yagewa, nan ake sa ƙarfe. Rabin ajin za su faɗi abin da ka faɗa, sauran su taso musu. Ni dai in tsaya in sha kallo."

Ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba. Ya gyara zama, ya yi gyaran murya.

"Auta, da za ki shiga da littafin darasinki gobe. Ba don komai ba, don ko ta kwana."

Ta dube shi na ɗan lokaci, dariyar ta ɗauke.

"Yaya ce ta aiko ka."

"Ni dai shawara na bayar."

"In na shiga da shi, buɗe shi zan yi. Na san kaina. Da na ga idon tsohon nan hannuna zai tafi." Ta zaro littafin daga jaka ta ajiye a kan teburinsa. "Ajiye mini. Kai ka koya mini abin nan, kada ka zo yau ka ce mini wasa kake."

Ta ɗauki sosonta ta fita. Ya bi ta da kallo, rabin zuciyarsa alfahari, rabi tsoro, kuma tsoron ya fi nauyi.

Da a nan abin ya tsaya, da ba ni da labarin ba ku. Amma da yamma, a wajen ajiye motoci, sai ga shugaban ajin Auta yana kunce babur ɗinsa. Mutum ne mai shekara arba'in da ɗoriya, furfura ta fara fito masa a gemu. Ya yi shekara ashirin yana ɗora bulo kafin ya dawo karatu, shi ya sa ɗalibai ke ce masa Baba Magini. A ajin ba wanda ya kai shi gardama, kuma ba wanda ake jin maganarsa kamar shi. Malam Bita ya wuce shi da taku uku, sannan ya dawo.

"Baba Magini, ka san gobe kwamiti zai zo."

"Mun sani, ranka ya daɗe. Duk mun damu."

"To, ka san manya ba sa son hayaniya. Wancan karon ita ta jawo mata. A ɗan sassauta, a nutsu. Aikinta ne fa ke reto." Ya waiga hagu da dama. "Ba sai ta san mun yi maganar nan ba."

Baba Magini ya dafa ƙirji da tafin hannunsa mai kaushi. "An gama. Ko tari ba za ka ji ba."

Kun ji fa. Mutum ya ce maka ko tari ba za ka ji ba, kai kuma malamin koyar da malamai ne, ai sai ka tsaya ka ce a'a, ba haka nake nufi ba. Malam Bita murmushi ya yi, ya ɗauka salon magana ne, ya shiga motarsa har yana jin an sauke masa kaya.

Ranar Alhamis, goma saura kwata, sakatariyar kwamitin ta tare shi a bakin ƙofar ɗakin darasi da takarda a manne a katako. An ba shi izinin zama a matsayin baƙo mai kallo, amma da sharaɗi, kuma sai da ta karanta masa da ƙarfi.

"Baƙo ba ya magana, ba ya nuni, ba ya aika saƙo. In ya yi, za a ɗauka an taimaki malami, ziyarar ta faɗi. Ka ji, Malam?"

"Na ji."

"Sa hannu a nan."

Ya sa hannu ko a jikinsa. Ɗakin babba ne, bencina hawa-hawa daga allo har bangon baya, fanka shida a sama, biyu ke juyawa. Aka zaunar da shi a layin ƙarshe, kujera biyu tsakaninsa da Jan Biro. Tsohon ya jera agogonsa da gilashinsa da takardar maki a gabansa, ya cire wa biro murfi. Na ukun kwamitin, wani dakta mai ƙiba daga sashen lantarki, yana ta fifita da fayil.

Tun kafin Auta ta shigo Malam Bita ya ji wani abu bai yi masa daidai ba. Mutum ɗari biyu a ɗaki, amma kana jin ƙugin fanka. Kowa ya buɗe littafi, biro a hannu, baya a miƙe. Wasu samarin har da taye a wuya. Da ta shigo suka miƙe gaba ɗaya, suka gaishe ta da murya ɗaya, suka zauna. Ta tsaya da soso a hannu, ta dube su, ta ɗan yi murmushi.

"Yau kuma wa aka yi wa rasuwa?"

Ba wanda ya yi dariya.

Ta juya ta zana bango a allo, ta zana baranda tana fitowa daga jikinsa, ta zana ɗan mutum a tsaye a bakinta. Minti goma tana bayani, muryarta a sake, biro ɗari biyu na bin ta. Jan Biro ya ɗan gyaɗa kai, Malam Bita ya gani da gefen ido ya ce a ransa, to madalla. Sannan ta ajiye alli, ta karkaɗe hannu.

"Ina za mu sa rodi? Sama ko ƙasa? Kuma don me?"

Tsit.

Malam Bita ya san tana ƙirgawa, don yana hango babban yatsanta na bin gaɓoɓin sauran yatsun a gefen rigarta. Shi ma ya kama. Biyar. Goma. A ranar da aka saba, kafin goma hannu talatin sun tashi, Baba Magini ma ba ya jiran a kira shi. Sha biyar. Ashirin. Yatsan ya koma farko.

A ashirin ta biyu ne maganar Baba Magini ta faɗo masa a rai. Ko tari ba za ka ji ba. Innalillahi! Ashe mutumin da gaske yake. Ya hango ƙeyar Baba Magini a layi na biyu, a tsaye cak, ya naɗe hannuwa a ƙirji kamar mai gadin banki.

"To," in ji Auta, har yanzu muryarta ba ta rawa. "Kowa ya juya wajen na kusa da shi. Minti biyu, ku tattauna."

Suka juya, don malama ta ce a juya. Suka kalli juna. Wata ta rufe baki da gefen mayafi, wani ya ƙura wa takalminsa ido. Ba a yi rabin minti ba duk suka juyo suka fuskanci allo. Daktan lantarki ya daina fifita. Jan Biro ya sunkuya ya rubuta wani abu, gajere, kuma daga inda Malam Bita yake ba ya iya karantawa, jan tawadar kawai yake gani.

Auta ta sauko daga dandamali ta tsaya a gaban layi na biyu.

"Baba Magini, kai da ka zuba baranda ta fi ɗari. Me ka gani?"

Ya miƙe a hankali, ya sa hannuwa a baya. "Duk yadda kika ce, Malama, haka ne."

"Ban ce komai ba tukuna."

"In kin faɗa, za mu rubuta."

Ya zauna. Wallahi da a ce zaginta ya yi da ya fi sauƙi. Malam Bita ya tuna takardar maki. Maki talatin! Layin da shi da kansa ya yi wata biyu yana roƙo a saka, shi ne yanzu zai zama sifili, kuma da hannunsa. Ga littafin darasinta can a kan teburinsa a ƙarƙashin matakala, ko ta so ta koma shifta ba abin da za ta buɗe.

Ta miƙa soson ga na farkon layi, ta ce a lanƙwasa a gani, a miƙa wa na gaba. Soson ya bi layi daga hannu zuwa hannu, kowa na saurin rabuwa da shi, ya zagayo ya dawo mata ba wanda ya ko matsa shi. Ta karɓa, ta duba agogon bango. Goma da minti ashirin da biyu. Ta koma ta zauna a gefen tebur, ta ɗora soson a cinya.

"Ba komai. Tambayar tana nan. Zan jira."

Kai, shiru mugun abu ne in ya yi tsawo! Malam Bita ya sha faɗa a bita cewa ba ya kisa, amma bai taɓa zama a cikin irin wannan ba. Wani benci ya yi ƙara, kowa ya waiga, mai bencin ya sunkuyar da kai. A waje wata mota ta yi ta ƙoƙarin tashi ta kasa. Ya ƙirga ashirin, ya sake, ya sake, lissafin ya rikice masa. Ya tuna waya, ko ya aika saƙo, sai ya tuna takardar da ya sa wa hannu. Ya ƙura wa ƙeyar Baba Magini ido yana roƙon Allah ya sa ya waigo. Baba Magini kuwa ya waigo. Idonsu ya haɗu. Malam Bita ya zaro ido iyakar zarowa, yana nufin ku yi magana, don girman Allah ku yi magana. Baba Magini ya ɗan gyaɗa masa kai cikin jin daɗi, alamar komai na tafiya yadda aka tsara, ya juya.

Jan Biro ya ɗauki agogonsa ya duba, ya mayar. Ya sake sunkuyawa kan takarda.

Malam Bita ya dubi Auta. Daga nesa ta yi masa ƙanƙanta a gaban ƙaton allon nan, yarinyar da ya sani tun tana sakandare, tana zuwa musu hutu tana cinye masa biskit. Fuskarta ba ta nuna komai ba, ta tsayar da ido wuri ɗaya a cikin ɗaliban, ko ƙiftawa ba ta yi. Ya ce a ransa, ta daskare, kuka ne ya rage. Ya ji muryar matarsa a kicin. Ya ga bakin jan biron ya taɓa takarda. Bai san lokacin da gwiwoyinsa suka miƙe ba.

"Ni ne!"

Kai ɗari biyu suka juyo.

"Malam," in ji sakatariya, a hankali.

"Ni na sa su. Ni na ce wa shugaban aji a yi shiru, ita ba ta sani ba. Laifina ne, ba nata ba. Ba haka ajinta yake ba, kowa ya sani." Ya juya ga ɗalibai. "Jama'a, ku yi magana! Baba Magini, na janye, ku yi magana!"

Jan Biro bai ko ɗago ya dube shi ba. Ya laluba ya ɗauki murfin biro, ya rufe, ya ajiye a kan takardar. Sakatariya ta duba agogo ta rubuta lokaci.

Baba Magini ya miƙe, ya dubi Malam Bita, ya dubi Auta, bakinsa a buɗe. Sai wani yaro daga tsakiya ya ce, "Ƙasa ne!" Wata ta ce, "Ƙaryarka, sama ne!" Shi ke nan ɗaki ya kece. Abin da aka danne na rabin awa ya fito lokaci ɗaya. Baba Magini ya sauko ya karɓi soson, ya danna shi a bakin tebur yana rantsuwa cewa ya taɓa ganin barandar da aka sa wa rodi a ƙasa, ranar da aka cire katakon tallafi ta sunkuya kamar harshen kare. Masu cewa ƙasa suka ƙi yarda, suka ce to me ya sa in ana zuba rufin kankare a tsakiyar ɗaki ake sawa a ƙasa? Auta ta miƙe, ta mayar musu da tambayar, ta raba su gida biyu, ta fito da mutum huɗu allo. Har daktan lantarki ya manta kansa yana lanƙwasa fayil ɗinsa yana leƙa gefensa. Malam Bita bai taɓa ganin darasi mai kyan wannan ba, kuma yana tsaye ne a inda ya miƙe, don ya kasa zama. Sau uku yana satar kallon biron. Yana nan a rufe.

Sha ɗaya saura biyar kwamitin ya fito. Malam Bita ya bi su da sauri har bakin matakala.

"Ranka ya daɗe, ka ga dai abin da ya biyo baya. Ka ga yadda take koyarwa."

"Na gani," in ji Jan Biro, yana sa gilashinsa a aljihu.

"To a hukunta ni. A rufe ofishina, a rubuta mini takardar gargaɗi, duk abin da aka ga dama."

"Wannan tsakaninka da waɗanda suka ba ka ofis ne. Ni aikina takardar nan." Tsohon ya dube shi, ba fushi a fuskarsa, gajiya ce kawai. "An karanta maka sharaɗi?"

"An karanta."

"Ka sa hannu?"

Malam Bita ya gyaɗa kai.

"Goma da minti ashirin da tara baƙo ya yi magana. Ziyara ta faɗi. Ita ce ta biyu." Ya kama ƙarfen matakala ya fara sauka a hankali, sauran biyun na bin sa.

Ɗalibai suka yi ta fitowa, ba mai kallonsa. Baba Magini ya zo wucewa, ya tsaya kamar zai yi magana, idonsa ya yi ja, ya kaɗa kai ya wuce. Can Auta ta fito, alli ya yi mata fari a hannu da gefen riga.

"Auta..."

"Kada ka kira ni haka a nan."

"Malama. Ki yafe mini. Tsoro ne ya kama ni jiya, na ce a ɗan rage hayaniya kawai, ban san zai..."

"Ba wannan ba ne." Muryarta a ƙasa take. "Tun da suka gaishe ni na gane an ja musu kunne. Ban san kai ba ne, amma na gane. Bai dame ni ba. 'Ya'yana ne, na san iyakar abin da za su iya riƙewa. Jira kawai nake su karye."

"Na ga kin daskare. Na ga kin ƙura ido wuri ɗaya, na ce..."

"Layi na huɗu, ta jikin bango. Akwai wata yarinya, tun da aka fara zangon nan ban taɓa jin muryarta ba, ko sunanta aka kira a rajista hannu kawai take ɗagawa. Ita nake kallo. Ta ajiye biro. Hannunta ya bar kan benci." Auta ta ɗaga nata hannun a hankali, ta tsayar da shi daidai kafaɗa. "Ya kawo nan. Sai ka miƙe, ta mayar da shi."



Ta goge ido da bayan hannu, allin ya bar mata fari a kumatu. Sannan ta koma ciki ta hau goge allo, don malamin ƙarfe sha ɗaya yana tsaye a bakin ƙofa yana duba agogo.